GREEN DAY, YAƘIN IRAƘI, DA WANI ƘANINA DA YA SHIGA SOJA

Tun farko in faɗa, rubutun nan mai tsawo ne, kuma a kan kiɗan Turawa ne. Wanda yake sauri ya wuce abinsa, ba za mu ɓata ba.

Yau 1 ga Oktoba. Ta ɓangarenmu kowa ya ɗora kore-fari-kore, wasu na addu'a, wasu na zagi, kamar yadda aka saba. Can ta ɓangaren Turawa kuma akwai wani barkwanci da suke yi duk rana irin ta yau, wai a je a tashi Billie Joe Armstrong daga barci, Satumba ta ƙare. Shi ne jagoran ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka mai suna Green Day, barkwancin kuma daga sunan waƙarsu ya fito, Wake Me Up When September Ends. Da yawa cikin masu dariyar ba su san waƙar makoki ce ba. Mahaifinsa ya rasu a watan Satumba na 1982, ciwon daji ya kashe shi, lokacin yaron yana da shekara 10.

Shekaranjiya na ɗora hoton bangon faifan da waƙar take ciki, American Idiot, na rubuta cewa har yanzu yana taɓa ni. Sai wani abokina, wanda muka yi makaranta tare kuma ba ya raga min ko kaɗan, ya zo ƙasa ya ce: "Malam, har da kai? Waɗannan ai 'yan kasuwa ne. Kasuwarsu ta mutu, suka ga jinin Iraƙi yana ci, suka shiga. Yaƙi nawa waƙar tasu ta tsayar?" Na ce masa zan ba shi amsa a tsanake. To ga ta. Masu shirin zuwa su tuna min hukuncin kiɗa kuma, na ji, Allah ya saka. Wannan fage na malamai ne, ban zo yin fatawa ba. Maganar yaƙi na zo yi, da waɗanda ake turawa su mutu a cikinsa.

Bari in fara da inda abokina yake da gaskiya, don yana da ita fiye da yadda nake so.

Su uku ne: Billie Joe mai rera waƙa da kaɗa jita, Mike Dirnt, da mai ganga Tré Cool. 'Yan Kalifoniya ne, daga yankin Berkeley da Oakland. A 1994 suka fitar da Dookie, wanda ya sayar da sama da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, waƙoƙin samari marasa aikin yi, masu zaman gaban talabijin da ƙorafin gajiya da rayuwa. Daga nan kasuwa ta yi ta ja da baya. Insomniac a 1995, Nimrod a 1997, Warning a 2000, kowanne bai kai na gabansa ciniki ba. Zuwa 2002 har sun koma yawon wasa tare da Blink-182, yaran da a bayansu suka taso. Ka san yadda abin yake in tsohon mawaƙi ya fara raba fili da wanda jiya yake kwaikwayonsa. Ana cewa tasu ta ƙare. A 2003 kuma, kamar yadda su da kansu suka ba da labari, aka nemi ainihin kaset ɗin sabon aikin da suka kusa gamawa aka rasa a ɗakin ɗaukar sauti, waƙoƙi wajen ashirin. Maimakon su sake ɗauka, sai suka watsar, suka fara wani daga tushe. Wannan na biyun shi ne American Idiot, ya fito ranar 21 ga Satumba, 2004.

Kuma ya ci kasuwa, ba ƙarya. Shi ne karo na farko da suka hau lamba ɗaya a jerin Billboard na Amurka, suka hau a Ingila ma. Ya ci kyautar Grammy a 2005, waƙar Boulevard of Broken Dreams ta ci wata a 2006. A watan Yuni na 2005 sun tara mutum wajen 65,000 kowane dare, dare biyu a jere, a Milton Keynes. A 2010 aka mayar da shi wasan kwaikwayo a Broadway. Da ya cika shekara 20 a 2024 aka sake fitar da shi a akwati mai tsada, har da injin dafa kofi mai ɗauke da tambarin faifan aka sayar. Wallahi da na ga wannan injin sai da na yi tsaki. Hoton bangon fa hannu ne riƙe da gurneti mai siffar zuciya, jini na zuba. A ce shi aka liƙa a jikin abin dafa kofi.

Yaƙin kuwa bai tsaya ba. Mako shida cif bayan fitowar faifan, ranar 2 ga Nuwamba, George Bush ya kayar da John Kerry ya zarce. Kwana biyar bayan zaɓen aka afka wa Falluja karo na biyu. Sojojin Amurka ba su fice daga Iraƙi ba sai Disambar 2011. Nasu sun mutu kusan 4,500, 'yan Iraƙi kuwa dubban ɗaruruwa. In da ma'auninka shi ne waƙa ta tsayar da tankar yaƙi, to ka ci ni, mu tashi.

Amma ni a ganina ka manta yadda Amurka take a waɗancan shekarun, ko kuma ba ka bibiya ba. Mu nan muna manne da rediyo safe da yamma, BBC, Muryar Amurka, Jamus, muna jin yadda ake shirya ƙarya a fili. Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Colin Powell ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗaga 'yar kwalba, yana rantse-rantsen cewa Saddam na da makaman ƙare dangi. Kwana goma bayan haka miliyoyin mutane suka fito tituna a Landan, Rom, Madrid, New York da ɗaruruwan birane suna cewa kar a yi. Aka yi. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Ranar 1 ga Mayu Bush ya sauka a kan jirgin ruwan yaƙi, bayansa an rataya ƙyalle mai cewa aiki ya kammala. Ba a samu makaman ba. Powell da bakinsa daga baya ya ce wannan jawabin tabo ne a tarihinsa.

A cikin Amurka kuwa, bayan harin 11 ga Satumba, duk wanda ya buɗe baki sunansa maci amanar ƙasa. Ga misali ɗaya da ya isa. Dixie Chicks, mata uku masu waƙar ƙauyen Amurka, suna kan ganiyarsu. Ranar 10 ga Maris, 2003, a wani wasa a Landan, jagorarsu Natalie Maines ta faɗi jimla ɗaya, cewa suna jin kunyar shugaban ƙasar ɗan jiharsu ta Texas ne. Jimla ɗaya fa. Gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsu, aka tara faya-fayansu aka bi ta kai da tarakta, aka yi mata barazanar kisa. Kowane mawaƙi a ƙasar ya ga abin da ya faru da su, kuma kowa ya ɗauki darasi. Shekara ɗaya da rabi bayan haka sai ga mutum uku da ake cewa tasu ta ƙare, sun sa wa faifansu suna mai zagin ƙasar a fuska, sun fitar da shi ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Ɗan kasuwa mai lissafi ba haka yake yi ba. Ɗan kasuwa yana jira ya ga inda iska ta kaɗa. Yanzu da muka san ƙarshen labarin yana da sauƙi a ce ai sun san zai ci. A ranar da suka miƙa aikin ba wanda ya sani. Ba su kaɗai ba ne, gaskiya, akwai tarin mawaƙan da suka haɗu a kundin Rock Against Bush a shekarar, su ma sun ba da waƙa ɗaya a ciki. Amma su ne masu abin asara mafi yawa, kuma su ne muryarsu ta kai ɗakin kwanan yaron da ke shirin zuwa ofishin ɗaukar soja.

Wannan yaron shi ne maganar gaba ɗaya, zan dawo kansa.

Ni a 2005 na fara jin faifan, a ɗakin kwanan ɗalibai, wajen wani ɗan ɗakinmu ɗan Jos mai ƙaramin rediyon CD da ba ya rabo da shi. Da farko hayaniya kawai nake ji, har faɗa muka taɓa yi a kan ya rage murya ina karatu. Sai wata rana ya zaunar da ni ya warware min labarin, don faifan labari ne guda daga farko har ƙarshe, kamar fim. Wani saurayi ne a unguwar bayan gari, gidansu a wargaje, uwa da mijin uwa, talabijin, ƙwaya, ba aiki, ba alƙibla. Ya gudu birni, ya haɗu da wani ɗan iska mai suna St. Jimmy wanda daga baya za ka gane ashe ɓangaren zuciyarsa ne, ya so wata yarinya, ya rasa ta, ya koma gida ba tsuntsu ba tarko, har sunanta ya manta. Laƙabin da suka ba saurayin sunan Annabi Isa ne (AS) da Turanci, kuma ban ji daɗin wannan ba tun a lokacin, har gobe ma ba na ji. Waƙar da ke ɗauke da sunan minti tara ce, kashi biyar, abin da ba a saba ba a irin kiɗansu da waƙa ba ta cika wuce minti uku ba.

Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne, waƙoƙin da suka fito ƙarara kan siyasa guda biyu ne kacal a cikin goma sha uku. Ta farko mai sunan faifan, kan yadda kafafen yaɗa labarai ke cusa wa jama'a tsoro har su yarda da komai. Sai Holiday, wadda ita ce ta yaƙi kai tsaye, a tsakiyarta ma mawaƙin yana kwaikwayon muryar ɗan majalisa mai kiran a yi luguden wuta. A wajen wasa yakan gabatar da ita da cewa ba ƙin Amurka ba ce, ƙin yaƙi ce. Sauran duk labarin yaron ne. Na daɗe ina ganin wannan rauni ne, kamar sun fara magana sun ji tsoro sun canja. Yanzu na daina ganin haka. Yaƙi ba a fadar shugaban ƙasa kawai ake haɗa shi ba. Sai an samu gari cike da samarin da ba su da abin yi gobe, sannan sa hannun shugaba yake zama runduna.

Bidiyon waƙar Satumban shi ya fito da wannan fili. Samuel Bayer ya shirya shi, Jamie Bell da Evan Rachel Wood suka fito a ciki. Saurayi da budurwa a cikin ciyawa suna alƙawarin ba za su rabu ba. Sai ga ta ta fito da kuka, ta ji labarin ya je ya rubuta sunansa a soja bai gaya mata ba. Shi kuma yana ɗaga murya, yana cewa ai dominsu ya yi. Aka aske masa kai, aka sa shi a mota, sai ga shi a cikin kangon gini a Iraƙi ana harbi, abokansa na faɗuwa. Ba a nuna ya mutu ba, ba a nuna ya dawo ba. Ita dai tana zaune ita kaɗai.

A 2005 na kalli wannan na ce Turawa da iya shirya abu. Ban san gidanmu ake nuna min ba.

Ina da ƙani, ɗan baffana ne amma a ɗakin mahaifiyata ya tashi. Ya gama difloma, ya yi shekara uku yana yawo da takardu a leda. Ya yi acaba, ya yi tsaron shagon caji, ya koyar a wata makarantar kuɗi da albashinta bai isa kuɗin mota ba. Wata rana ya same ni ya ce an buɗe ɗaukar soja. Na ce kai, ka ga fa yadda Arewa maso Gabas take. Ya ce, "Yaya, in na zauna me zan ci? Kuma yarinyar nan iyayenta sun ce in fito ko in ba wani wuri." Ni na kai shi shagon intanet. Ni na cika masa fom ɗin da hannuna, don ya ce na fi shi iya kwamfuta. Na biya kuɗin buga takardar. Wannan abin yana nan a wuyana, kuma ba na jin zai sauka.

Ya samu, ya yi horo, ya yi auren. Ranar da ya fara zuwa gida da kaki yaran unguwa har rakiya suka yi masa. Aka tura shi can wajen Tafkin Chadi. Yakan kira in sun samu sabis, kullum maganarsa ɗaya, lafiya lau, a gaida Inna, kar a gaya mata inda nake. Matarsa na da ciki wata bakwai aka yi musu kwanton ɓauna a hanya. A can aka binne shi. Abin da ya dawo gida jaka ce, da agogo, da wani ƙaramin Alƙur'ani mai zif. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda suka kwanta tare da shi.

Kar wani ya juya min magana. Yaƙin da ƙanina ya mutu a ciki ba irin na Iraƙi ba ne. Ba a ƙirƙiro masa ƙarya a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Mutanen da ya je tarewa suna yanka ɗalibai a kan gadonsu, suna sace 'yan mata, suna tayar da bam a masallaci da coci da tasha. Dole wani ya tsaya a gabansu, kuma ina alfahari da cewa ya tsaya. Abin da nake cewa shi ne, ko yaƙin gaskiya ne ko na ƙarya, ɗan gidan da ake turawa iri ɗaya ne. A Ohio ko a Gombe, wanda ba shi da uban da zai kira masa wani a waya ne. Wannan ne abin da faifan ya gani, shi ya sa ya ɓata waƙa goma sha ɗaya a kan yaron, ya ba shugaban ƙasa biyu.

Sannan akwai igiyar da ta haɗa mu da wancan yaƙin, wadda ba kowa ke son bin ta ba. Da Amurka ta rushe gwamnatin Iraƙi, ta kori rundunar sojan ƙasar gaba ɗaya a 2003, dubban ɗaruruwan masu iya bindiga suka koma gida ba albashi. A cikin wannan hargitsin Zarƙawi ya kafa reshen Alƙa'ida na Iraƙi. Shi ne ya rikiɗa ya zama ISIS, wadda ta kama Mosul a watan Yuni na 2014. A watan Maris na 2015 Shekau ya yi mata mubaya'a. A 2016 ƙungiyar ta rabe, ɓangaren da ake kira ISWAP ya kafu a yankin Tafkin Chadi. Ban ce Bush ne ya haifi Boko Haram ba, namu sakacin da namu zaluncin sun isa su haife ta. Amma tuta da suna da salon da suka iso bakin tafkin nan, daga kangon Iraƙi suka taso. Don haka in wani ya ce min ina ruwanka da waƙar Turawa kan yaƙin Larabawa, sai in rasa ta inda zan fara.

Yanzu ga nawa ƙorafin a kan faifan, wanda ya fi na abokina nauyi a wurina. Babu ɗan Iraƙi a ciki. Ko ɗaya. A watan Afrilu na 2004, suna tsakiyar aikin, hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito, duniya ta ga abin da ake yi wa fursunoni tsirara. Amma ka saurari faifan daga farko har ƙarshe, zafin da ke ciki na Ba'amurke ne, kaɗaicinsa, ruɗewarsa, budurwarsa. A bidiyon ma, matar da aka nuna a cikin kangon da yara, wucewa kawai kyamara ta yi ta kansu. Ko a wasan Broadway, wanda aka ƙara wani saurayi da ya je yaƙin, ƙafarsa da aka yanke ita ce abin kuka. Haka finafinansu na Biyetnam suke. Su zo su ƙone maka gari, bayan shekara ashirin su yi fim kan yadda ƙona garin ya dame su. Wannan yana ci min rai, kuma ba zan ɓoye don ina son waƙoƙin ba.

Sai dai da na zauna da abin, na ga wata fuskar. Ɗan Bagadaza ba ya buƙatar Billie Joe ya gaya masa bam na da zafi. Wanda ke buƙatar a yi masa magana shi ne mai shekara 18 da ke riƙe da biro a gaban jami'in ɗaukar soja, da uwarsa, da mai jefa ƙuri'a. Su kuma ba ka isa gare su da hoton baƙon da aka riga aka koya musu tsoronsa. Da hoton kansu kake isa. Ko wannan uzuri ne ko dabara, kowa ya yanke. Ni dai na karɓi rabi na bar rabi. Kuma in an yi adalci, mutumin ya ɗan matsa gaba da tsufa. A daren shiga 2024 ya canja baiti a talabijin kai tsaye ya soki tafiyar Trump, aka yi ta zaginsa. A watan Afrilu na 2025 kuma, a bikin Coachella, ya canja wani baiti a cikin waccan doguwar waƙar ya ambaci yaran Falasɗinu. Baiti ɗaya ne, bai ciyar da kowa a Gaza ba. Amma a shekarar da ake soke wa ɗalibai biza a Amurka saboda irin wannan magana, na ga manya da yawa da ko ɗayan ba su iya ba.

To mu fa?

A nan ne nake son abokina ya tsaya, don mun iya auna na wasu. Mu ƙin yaƙinmu yana da zaɓe. In Amurka ce ke harbi ko Isra'ila, kowa malami ne a Facebook. A 2003 har suna aka yi ta raɗa wa jarirai Saddam, aka manta shi ne ya watsa wa Kurdawan Halabja iskar guba a 1988, shi ne ya ja ƙasarsa shekara takwas tana gwabzawa da Iran, Musulmi na kashe Musulmi. Wannan ba ƙin yaƙi ba ne, zaɓen gwani ne, kamar ƙwallo. Tun 15 ga Afrilu, 2023, Burhan da Hemedti ke ragargaza Sudan, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, cikinsu har da Hausawa 'yan uwanmu da kakanninsu suka yada zango a can a hanyar Makka. Sau nawa ka ga an canja hoton fuska saboda su? Abin da Green Day suka yi, komai ƙanƙantarsa, shi ne sun nuna nasu da yatsa, shugabansu, tutarsu, masu sayen faifansu. Zagin na nesa ba ya cin komai. Zagin Bush daga Kano ko a 2003 kyauta ne.

Kuma ba wai ba mu da masu yi ba a ƙasar nan. Fela ya yi Zombie, a watan Fabrairu na 1977 sojoji wajen dubu suka ƙone masa gida, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Wannan ya biya abin da Billie Joe bai taɓa mafarkin biya ba. Eedris Abdulkareem, wanda a Kano ya tashi, ya fitar da Jaga Jaga a 2004, shekara ɗaya da American Idiot, Obasanjo ya fito ya yi masa tas. A Afrilun 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa wata sabuwar waƙarsa. A Nijar ga Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita, wanda kiɗansa rok ne sosai, faifansa Funeral for Justice na 2024 bai ɓoye wa Faransa komai ba. Turawa na cika fili su kalle shi, mu maƙwabtansa da yawa ko sunansa ba mu sani ba.

Amma da harshen Hausa, a wannan shekaru goma sha biyar da muka yi muna binne mutane, me ya cika mana kunne? Waƙar ɗan takara. Waƙar amarya. Waƙar habaici tsakanin wannan gwamna da wancan. Har waƙar yabon ɗan bindiga ta yi yawo a wayoyinmu, mutane na turawa juna suna dariya. A Disambar 2023 jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum sama da 80 suka mutu, muka yi kwana uku muna rubutu, aka wuce. Akwai masu waƙar a zauna lafiya, na sani, kuma Allah ya biya su. Sai dai yawanci irin waƙar nan ce da ba ta ɓata wa kowa, wadda gwamna zai iya sawa a taronsa, ɗan bindiga ma ya sa a dajinsa, kowa na gyaɗa kai. Ban ga laifin mawaƙan gaba ɗaya ba. Mawaƙinmu ba ya rayuwa da cinikin faifai, satar fasaha ta kashe wannan tun tuni. Da kyautar mai mulki yake rayuwa, mota, kujerar Makka, fili. Wanda ke ci a hannunka ba ya cizon yatsanka. Su Green Day miliyoyin yara ne ke biyansu dala goma-goma, shi ya sa suka iya zagin shugaban ƙasa suka kwana a gida. Ka ga kenan kasuwar nan da abokina ke zagi, ita ce ta saya musu bakin magana. Mu da muke karɓar waƙa kyauta ta Bluetooth da WhatsApp, mu muka miƙa mawaƙanmu ga masu kuɗi, sannan muna mamakin abin da suke rerawa.

Don haka Malam, amsata ita ce: eh sun ci kuɗi, eh yaƙin bai tsaya ba, eh sun manta da ɗan Iraƙi. Amma ka tambaye ni me ya sa har yanzu yake taɓa ni. Dalilin shi ne ranar da aka kawo jakar nan, na nemi waƙa ɗaya da harshena da ta san abin da ya faru da mu, wadda ta san leda da takardu, ta san shagon intanet, ta san yarinyar da iyayenta suka ce a fito. Na dawo ɗaki bayan an watse daga zaman makoki na rasa abin da zan yi da kaina. Abin da na buɗe a waya bidiyon wasu Turawa uku ne daga Kalifoniya. In kana da wata ta Hausa da na tsallake, don Allah ajiye min ita a ƙasa, da gaske nake, zan saurara.

Da safen nan matarsa ta turo min hoton 'yar. An sa mata kore da fari, za su yi fareti a makaranta. Ba ta taɓa ganinsa ba sai a hoto, amma tsayuwarta tasa ce sak, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka.